Ciwon Saifa: Dabbar da Ta Faɗi Farat Ɗaya, Kada a Sa Mata Wuƙa

Jawabin da ma'aikatanmu na lafiya da kiwo suke yi a ikilisiyoyin ƙauyuka kafin saukar damina

 Mun gode da kuka tsaya bayan sujada, ga zafin rana, ga yara suna jiran abinci a gida. Ba za mu riƙe ku fiye da kima ba. Amma maganar da muka kawo ta shafi turken kowa da tukunyar kowa, saboda haka muna roƙo a saurara har ƙarshe.

Maganar ciwon saifa ce. Makiyaya sun san shi da wannan suna tun kaka da kakanni, gama in an buɗe cikin dabbar da ya kashe, akan tarar saifarta ta kumbura ƙwarai, ta yi baƙi, ta yi laushi kamar za ta narke a hannu. Likitoci suna kiransa antiraks, kalmar Helenanci ce mai nufin gawayi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sukan ji malaman dabbobinsu suna cewa sharbon, shi ma gawayi ne da Faransanci. Za ku ga dalilin wannan suna in mun zo kan yadda ciwon yake fitowa a fatar mutum.

Wani zai ce ai wannan ciwon zamanin da ne. A'a, yana nan. A watan Yuni na 2023 ya ɓulla a arewa maso gabashin Gana, wajen Binduri kusa da Bawku. Dabbobi suka mutu, mutum ya mutu, har hukuma ta hana yanka da sayar da shanu, tumaki da awaki a yankin na tsawon wata guda. A wannan watan ne gwamnatin Najeriya ta yi gargaɗi game da cin ganda da naman banda da naman daji. Mutane da yawa suka yi dariya. Da watan Yuli ya shigo, aka tabbatar da ciwon a wata gonar kiwo a Gajiri, ƙaramar hukumar Suleja ta Jihar Neja, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda aka ga jini yana fitowa daga hanci da ido da kunne da duburar dabbobi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ce ta gwada ta tabbatar. Ba a jima ba aka same shi a Legas. A watan Janairu na 2025 kuma aka ba da sanarwar ɓullarsa a wata gona a Jihar Zamfara. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe biyar, wato Kenya, Malawi, Uganda, Zambiya da Zimbabwe, sun sami mutane fiye da 1,100 da ake zaton sun kamu, 20 sun mutu. Shanun da suke bi ta burtalinmu da waɗanda ake saukewa a kasuwarmu ba su san iyakar jiha ko ta ƙasa ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Abin da yake kawo ciwon wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, daga cikin irin da ake kira bakteriya. Wani likita Bajamushe, Robat Kok, shi ya nuna yadda take rayuwa a shekara ta 1876. Halinta ne ya bambanta ta da sauran. Muddin tana cikin jinin dabba, tana haihuwa ne da sauri tana zuba dafi. Da zarar jinin ya fito waje ya sha iska, sai ta naɗe kanta cikin wani ɓawo mai tauri ta kwanta, kamar yadda gaiwa take shiga laka ta rufe kanta duk rani. Sai dai gaiwa damina ɗaya take jira, ita kuwa wannan tana iya jiran shekaru hamsin ko fiye. Zafin rana ba ya kashe ta a cikin ƙasa, fari ba ya kashe ta, sanyi ba ya kashe ta. Manoma kun san halin wuta-wuta: ka bar gona shekaru ba ka shuka dawa ba, ranar da ka shuka sai ga ta. Haka wannan ƙwaya take jiran bakin saniya.

Ga misalin daɗewarta. A 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu, Turawan Ingila sun gwada wannan ƙwaya a kan tumaki a wani ƙaramin tsibiri na Sikotilan. Ba a yarda mutum ya sake zama lafiya a tsibirin ba sai 1990, bayan an yi masa feshin magani mai yawa. A 2016 kuma, a can arewacin Rasha inda ƙasa take daskarewa, zafi ya narkar da ƙanƙara, ciwon ya tashi a wurin da aka yi shekaru kamar 75 ba a gan shi ba. Barewar da suke kiwo fiye da 2,000 suka mutu, wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu. To, wurin da kakanninmu suka feɗe wata saniya a bakin fadama, mu mun manta, ƙasa ba ta manta ba.

Shi ya sa ciwon yake da lokacinsa. Ƙarshen rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare dabba tana kalar ƙasa da baki, tana haɗiyar ƙura da ƙasa tare da ɗan abin da ta samu. Sa'an nan farkon damina, in ruwa mai ƙarfi ya zo bayan dogon fari, ya tone ƙasa, ya kwaso ƙwayoyin ya tara su a kwari da tafki da mashaya. Ambaliya ma haka, haƙar sabuwar rijiya ko dam a tsohon makwancin shanu ma haka. Shanu, tumaki da awaki su ne a gaba. Raƙuma, dawaki da jakuna suna kamuwa. Aladu suna kamuwa, amma su sau da yawa wuya ne yake kumbura musu, sukan kamu kuwa in an ba su ragowar mushe. Karnuka suna da ɗan juriya, kaji sun fi kowa juriya, amma kare da ungulu su ne masu ɗaukar nama da ƙashi su watsa ko'ina.

Yaya ake gane shi a dabba? Sau da yawa ba a ganin komai. Sa ya ci harawa da yamma lafiya ƙalau, da safe a tarar da shi a miƙe. In an yi sa'ar ganinsa kafin ya faɗi, za a ga jikinsa da zafi, yana rawar jiki, yana haki, yana tangaɗi, ya daina tuƙa. Cikin 'yan sa'o'i sai ya mutu. Bayan mutuwa akwai abubuwa uku da muke so kowane yaro mai kiwo ya riƙe a kansa. Jini baƙi mai kauri yana tsiyaya daga hanci, baki ko dubura, kuma ba ya daskarewa. Gawar ba ta sandarewa kamar yadda aka saba, ƙafafu suna nan laɓo-laɓo. Ciki kuma yana kumbura da wuri. Ba kullum ne ukun suke bayyana ba, wani lokaci ba a ganin jinin sam. Saboda haka ƙa'idar ita ce, duk dabbar da ta mutu farat ɗaya ba dalili, a ɗauke ta a kan mai ciwon saifa har sai malamin dabbobi ya ce ba shi ba ne.

Nan muna so mu ɗan tsaya. In sa ya faɗi haka, abin da bakin mutane yake fara kamawa shi ne maciji ya sare shi, ko tsawa ce, ko ya ci gyamron dawa, ko harbin daji ne. Duk waɗannan suna kashe dabba da sauri, gaskiya ne. Amma akwai wanda ya fi muni, wato a ce wane ne ya sa masa guba, ko a ce sammu ne. In shanu uku suka mutu a mako ɗaya a mashaya ɗaya, sai a fara duban maƙwabci, ko a fara duban rugar da take bayan gari. A irin zaman da muke ciki yau, kun san inda irin wannan magana take kaiwa. Ƙwayar da take cikin ƙasa ba ta tambayi mai saniya yarensa ko addininsa ba. Kafin a nuna kowa da yatsa, a bari a ɗauki jini a gwada. In an ji shanun makiyaya suna faɗuwa, a aika a gaya wa arɗo abin da muka faɗa yau, gama mashayarmu ɗaya.

Yanzu babban abin da ya kawo mu. Kada a feɗe. Za a ce, to, yaya za mu san saifa ce in ba mu buɗe mun ga saifar ba? Wannan shi ne tarkon. In aka bar gawar a rufe, ƙwayoyin da suke ciki ba su samu iska ba, ba za su iya yin ɓawon nan ba, ruɓewar gawar da kanta za ta kashe yawancinsu cikin 'yan kwanaki. In aka sa wuƙa, jini ya zuba a ƙasa, an shuka ciwon a wurin ke nan, jikokinmu ne za su girba. Malamin dabbobi ba ya bukatar buɗe ciki. Ɗigon jini kaɗan yake ɗauka daga kunne, ya kai ɗakin gwaji.

Haka kuma dabbar da ake ganin za ta mutu a yi maza a yanka don kada ta zama mushe. Yanka ba ya fitar da ciwon daga nama. Dabbar da aka riga mutuwa da wuƙa da wadda ta mutu da kanta, in saifa ce, haɗarinsu ɗaya ne.

Bari mu zo kan mutum. Ƙofa uku ce ciwon yake shiga ta cikinta a wurinmu: fata, ciki, da huhu.

Na fata shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, fiye da 9 cikin kowane 10 na masu kamuwa. Yana kama mai fiɗa, mahauci, majemi, matar da ta wanke kayan ciki, yaron da ya ɗauko ƙirgi a kafaɗa. Ƙwayar tana shiga ta ɗan yanka, ko kaushi, ko ƙarzunar ƙaya da mutum bai ma kula da ita ba. Cikin kwana 1 zuwa 7, wani lokaci ya ɗan fi haka, sai wani ɗan ƙurji ya fito mai ƙaiƙayi, kamar cizon ƙwaro. Yawanci a hannu, ko damtse, ko wuya, ko fuska. Bayan kwana ɗaya ko biyu ya zama bororo, wani lokaci da ƙananan bororo kewaye da shi. Sa'an nan ya fashe, tsakiyar ta lotsa ta yi baƙin ɓawo kamar gawayi. Ga inda sunan ya fito. Kewayen gyambon yakan kumbura sosai, kaluluwa ta fito a hammata ko wuya, zazzaɓi da ciwon kai su biyo.

Ku lura da wannan da kyau: gyambon ba ya ciwo. Maruru yana zogi ya hana barci, yana tara mugunya. Wannan ba ya zogi, ba ya tara mugunya. Rashin zafin nan ne yake ruɗin mutane, mutum ya ce ai ba komai, ya shafa man shanu ko toka ya tafi gona. In ba a yi magani ba, har mutum 1 cikin 5 yana iya mutuwa, domin ƙwayar takan bar fata ta shiga jini. In an yi magani da wuri, kusan kowa yana warkewa. Kada a matse shi, kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ɓamɓare ɓawon. A rufe da tsumma mai tsabta a tafi asibiti. In a fuska ko wuya yake, a tafi a ranar, gama kumburin yana iya toshe hanyar numfashi.

Na ciki yana zuwa ne ta cin naman. Shi ma kwana 1 zuwa 7. Yana farawa kamar kowane ɓacin ciki: tashin zuciya, rashin son abinci, zazzaɓi, ciwon ciki. Daga nan sai amai, wani lokaci da jini, zawo mai jini, ciki ya kumbura, mutum ya galabaita har ya suma. A wasu kuma maƙogwaro yake kamawa: wuya ya kumbura, haɗiya ta gagara, murya ta dushe. In ba magani, fiye da rabin masu wannan suna mutuwa. Ko da magani, kimanin 6 cikin 10 ne suke tashi. Abin da zai sa ku gane shi shi ne, ba mutum ɗaya yake kamawa ba. In gida uku ko huɗu da suka ci nama ɗaya suka kwanta a mako ɗaya, kada a tsaya ana cewa taifot ne ko atini.

Iyayenmu mata, mun san abin da za ku ce: ai mun dafa shi ya dahu liƙis. Ku tuna ɓawon nan. Shanya ba ta kashe shi, gishiri ba ya kashe shi, hayaƙin banda ba ya kashe shi. Kilishi, tsire da balangu ba su kai zafin da za a dogara da shi ba har can cikin tsoka. Ko an ce doguwar tafasa tana rage haɗari, kafin naman ya shiga tukunya hannu nawa ya taɓa shi? Wanda ya feɗe, wanda ya daddatsa, wadda ta wanke tumbi a bakin rijiya, wuƙar da aka yanka albasa da ita daga baya, ƙaramar yarinyar da aka miƙa wa 'yar hanta ta gasa a bakin murhu. Nonon dabbar da ba ta da lafiya ma kada a sha, kada a kai talla.

Na huhu shi ne mafi kisa, amma shi ne mafi ƙaranci. Yana kama wanda ya shaƙi ƙurar busasshiyar fata, ko gashi, ko ulu mai ɗauke da ƙwayar. Yana farawa kamar mura: zazzaɓi, kasala, ɗan tari, nauyin ƙirji, zufa mai yawa. Wani ya ji kamar ya sami sauƙi kwana ɗaya, sa'an nan numfashi ya sarƙe farat ɗaya. Yana iya ɓoyewa har wata biyu kafin ya nuna. In ba magani, 1 ko 2 ne cikin 10 suke tsira. Ko a babban asibiti, kaɗan ne suka ɗara rabi. Kowane irin cikin ukun kuma yana iya hawa kai ya zama kamar sanƙarau, da ciwon kai mai tsanani, sandarewar wuya da ruɗewa.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, wato ganguna. A 2006 wani makaɗi a birnin Niyok na Amurka ya kamu da na huhu daga fatun awaki da ya kawo daga Kodebuwa yana kankare gashinsu don yin ganga. A 2008 wani mai haɗa ganguna a Landan ya mutu ta irin wannan hanya. Babu majami'ar da ba ta da ganga, matasanmu ne kuma suke ɗaure ta. Ba mu ce a daina kiɗa ba. Mun ce a san fatar da za a saya: ta dabbar da aka yanka lafiyayya ce, ko ta mushe ce da aka shanya a bayan gida? A kankare gashi a fili, a jiƙa fatar tukuna don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci da baki, a wanke hannu da sabulu. Haka ma buzu, da igiyar fata, da gandar da ba a san asalinta ba.

Manyanmu za su tuna 2001, lokacin da rediyo ya cika da labarin wasiƙu masu farar hoda a Amurka. Wannan ciwon ne, wani ya zuba ƙwayoyinsa cikin ambulan da gangan. Mutum 22 suka kamu, 5 suka mutu. Tun daga lokacin wasu suke jin sunan antiraks kamar annobar da take bin iska daga mutum zuwa mutum. Ba haka yake ba. Mai ciwon saifa ba ya sa wa wani ta tari, ko gaisuwa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Ba dalilin gudunsa, ba dalilin hana shi zama a benci ɗaya da kowa. Mai jinya dai ya rufe gyambon, ya sa safar hannu ko leda in zai wanke, ya ƙona tsumman da aka cire, ya wanke hannu.

Maganinsa yana nan, ba kuwa baƙon magani ba ne. Fenisilin, doksisaikilin, sifurofuloksasin, duk ana samunsu a asibitocinmu. Amma ba mu faɗi sunayen nan don a je kemis a sayi ƙwaya huɗu a haɗiye ba. Yawan maganin da tsawon kwanakin sun danganta da irin ciwon. Na ciki da na huhu sai an kwantar da mutum an ba shi ta jijiya. Mata masu ciki da yara ƙanana kuma akwai wanda ya dace da su. Abu ɗaya da zai taimaki malamin asibiti fiye da kome shi ne gaskiya. Ku ce masa, kwana huɗu da suka wuce mun feɗe saniyar da ta mutu, ko mun ci namanta. In ba ku faɗa ba, zai ba ku maganin zazzaɓin cizon sauro ku koma gida, kwana biyun da aka ɓata kuwa su ne tsakanin rai da mutuwa. Ba kunya a ciki, ba kuma kama ku za a yi ba. Duk wanda ya taɓa gawar ko ya ci naman, ko bai ji kome ba, ya je a rubuta sunansa. Ana ba da maganin da yake tare ciwon kafin ya fito.

To, dabba ta faɗi, me za a yi da ita? A kori yara, karnuka da aladu. A rufe ta da tamfol ko tsohuwar leda, a danne da duwatsu, a kewaye da ƙaya saboda ungulu da kura, da ƙudaje masu ɗaukar jini a ƙafa. Kada a ja ta a ƙasa. A aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma da mai unguwa nan take. A Najeriya ana iya kiran hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, NCDC, a lamba 6232 kyauta. Abin da ya fi kyau shi ne a ƙone gawar a inda ta faɗi har ta zama toka. Mun san itacen da zai cinye sa guda ba kaɗan ba ne, kuma babbake sama-sama bai isa ba. In ƙonawa ta gagara, a haƙa rami mai zurfin mita 2, wato ya shanye tsayin namiji, nesa da rijiya da rafi da inda ruwa yake kwanciya. A kankare ƙasar da jini ya taɓa a zuba a ciki, tare da igiya da ragowar abincin da ke gabanta. A shinge wurin, a gaya wa yara, kada a yi noma ko kiwo a kai. Masu aikin su sa takalmin roba da safar hannu, wanda yake da rauni a hannu kada ya shiga. Sauran dabbobin a ɗauke su daga wannan makiyaya, amma kada a kai ko ɗaya kasuwa sai an yi kamar mako uku ba wadda ta sake mutuwa, malamin dabbobi kuma ya ba da izini. Wanda ya yi sauri ya sayar da garkensa da araha don ya tsira da kuɗinsa, ya kai wa wani gari makoki ne.

Mun san inda maganar take da nauyi. Sa guda shi ne garmar gida, shi ne kuɗin makaranta, shi ne sadakin ɗa. A ce wa mutum ya tura dukiyarsa cikin rami ya rufe, ba ƙaramin abu ba ne, mu da muke faɗa ma mun sani. Kuma al'adar da muke da ita ba ta mugunta ba ce. In san wani ya faɗi, maƙwabta sukan kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauka ya biya bayan girbi, don mai shi ya rage asara. Taimako ne. Wasu kuma sukan ce dokar hana cin mushe da ke cikin Littafin Firistoci sura 11 da Kubawar Shari'a sura 14 ta mutanen da ce, ba ta ɗaure mu. Wannan muhawara mun bar wa fastoci. Mu dai abin da muka gani a aikinmu shi ne, ciwon saifa yana bin kason naman nan gida-gida.

Shawararmu ita ce a riƙe taimakon, a bar naman. Kuɗin da kowane gida zai ba da don kashi ɗaya, a ba da shi haka nan, gawar kuma ta shiga rami. Ikilisiyar da take iya yin watanda ta sayi sa lokacin Kirsimati tana iya buɗe ɗan asusu, kowane mai turke ya riƙa zuba mudu ɗaya ko biyu na hatsi da kaka, dattawa biyu da mace ɗaya daga zumunta su riƙe lissafi. Wanda ya kawo rahoto ya kuma binne dabbarsa a gaban shaidu, a ba shi daga ciki. Ba zai mayar masa da sa ba, amma zai hana shi kiran mahauci da dare. Game da watandar kanta da naman biki da na makoki, a sayi dabbar da aka gani tsaye tana ci, a yanka da rana a gaban mutane. Naman da aka kawo a buhu da asuba da rabin kuɗi, a tambayi dalilin arahar.

Saura allurar rigakafi, wadda ita ce mafi sauƙi cikin duk abin da muka faɗa. A 1881 wani masani Bafaranshe, Luwi Fastar, ya yi gwaji a bainar jama'a: ya yi wa rabin garken tumaki allura ya bar rabi, sa'an nan ya sa musu ciwon duka. Waɗanda ba a yi wa ba suka mutu, waɗanda aka yi wa suka tsaya da ƙafafunsu. Sunansa ma a Faransanci ma'anarsa makiyayi, tushe ɗaya da kalmar fasto. Irin allurar da ake amfani da ita yau an samo ta ne a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, ana kuma yin ta a nan gida, a Vom. Sau ɗaya ake yi a shekara, mako biyu zuwa huɗu kafin lokacin da ciwon ya saba tashi, domin sai ta yi kamar mako biyu kafin ta kama jiki. Kada a haɗa ta da allurar kashe ƙwayoyin cuta irin wadda ake saya a kasuwa ana yi wa shanu barkatai, gama za ta kashe rigakafin. Kada kuma a yanka dabbar da aka yi wa sai kwanakin da malamin dabbobi ya faɗa sun cika. Awaki sukan ɗan kumbura a wurin allurar, shi ya sa ya kamata wanda ya san aikin ya yi.

Abin da yake faruwa in aka daina allura, Zimbabwe ta gani. Lokacin yaƙin neman 'yancinsu malaman dabbobi suka kasa shiga ƙauyuka, tsakanin 1978 da 1980 mutane fiye da 10,000 suka kamu, fiye da 180 suka mutu, shanu kuwa ba a magana. A wuraren da rashin tsaro ya hana ma'aikata zuwa a ƙasarmu, da inda ake sayar da shanun sata da ba a san daga ina suka fito ba, haɗarin iri ɗaya ne. Kada mu zauna jiran sai an aiko. Malamin dabbobi ba zai hau babur ya zo don akuya uku ba, kwalbar allurar ma ta dabbobi da yawa ce, kuma sai an riƙe ta da sanyi. Amma in gari ya haɗa kai zai zo. Muna roƙon sakataren ikilisiya ya zauna a bakin ƙofa yanzu da takarda, kowane mai gida ya faɗi yawan shanunsa, tumakinsa da awakinsa kafin ya fita. Dattawa su kai wa mai unguwa da arɗo maganar a cikin makon nan don nasu lissafin ya shigo, sa'an nan a kai ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma a sa rana kafin ruwan shuka ya sauka. Masu tambaya, ga mu nan a gindin bishiya.